Ƙaton Injin Jamus da Kwal ɗin Inugu

Kwal ɗin da ya riƙa tuƙa jiragen ƙasa a kudancin Kaduna, da diga da shebur aka haƙo mafi yawansa. A 1927 ne layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya iso ya haɗe da layin Legas zuwa Kano a tashar da ke kudu da kogin Kaduna. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, sai an ɗora taragu a kan jirgin fito an ƙetare Binuwai da su. A wancan zamani Narayi ƙauyen Gbagyi ne mai gonaki, Barnawa da Kakuri ba su cika sun batse kamar yau ba, amma hayaƙin da kan jirgi ke turnuƙewa da shi idan ya ratso ta yankin, na kwal ɗin Inugu ne, wanda wani ya sara a durƙushe cikin rami, wani kuma ya tsaya gaban tanderun jirgi yana watsa shi da shebur daga tasha zuwa tasha. Duk wannan ya wuce. Abin da ya fi kusa da kwal a idon samarin Narayi yanzu shi ne hoton wani ƙaton injin haƙa na ƙasar Jamus da ke yawo a wayoyi, mai wili kewaye da bokitai, yana cin bangon ƙasa mutane a gindinsa ba a ko ganinsu. Mai walda da ya wuni zaune a ƙofar shago yana jiran a kawo wuta, ba a ga laifinsa ba in ya kalli hoton ya ce da muna da irin wannan da an huta. Sai dai a ganina wannan fata ta ɗauki tarihin a baibai. Tashoshin wuta da masana'antun Jamus ne suka girma har suka buƙaci inji irin wannan, kuma kwal ɗin Najeriya ya mutu ne ranar da masu sayensa suka juya masa baya, tun kafin maganar inji ta taso.

Injin da aka fi yaɗa hotonsa sunansa Bagger 288. Kamfanin Krupp ne ya ƙera wa kamfanin Rheinbraun shi, aka gama haɗa shi a 1978. Nauyinsa tan 13,500, tsawonsa mita 220, tsayinsa ya kusa mita 100. A ƙarshen dogon hannunsa akwai wili mai faɗin mita 21 da ɗoriya, an jera masa bokitai 18, kowanne yana cin sama da kubik mita shida, kusan lodin ƙaramar tifa ke nan. Wilin na juyawa, haƙoran bokitan na kankare bango daga ƙasa zuwa sama, wanda ya kai ƙololuwa sai ya juye abin da ya ɗebo a kan bel ɗin roba da ke gudu a cikin hannun. Daga nan kayan ba sa sake tsayawa. Bel ya miƙa wa bel, kilomita bayan kilomita, har wurin da ake rarrabewa: idan kwal ne a tura shi rumbu, jirgin ƙasa na kamfanin ya kwasa zuwa tashar wuta, idan kuwa yashi ne da lakar da suka rufe kwal ɗin, a miƙa wa wani injin a ɗaya gefen ramin ya zubar inda aka riga aka cinye. Don haka ramin kansa tafiya yake yi, gaba ana ci, baya ana cikewa. A rana guda injin yana iya kwashe kubik mita 240,000 na ƙasa ko tan 240,000 na kwal, mutum uku ko huɗu ne kawai a kansa. Ba ya shan dizal ko lita ɗaya. Wutar lantarki yake ja ta wani kebul mai kauri da yake naɗewa yana warwarewa, megawat 16 da rabi. Yana takawa a kan sarƙoƙi 12 irin na katafila, bai fi mita goma a minti ba. A watan Fabrairun 2001, da aka so mayar da shi daga ramin Hambach zuwa na Garzweiler, an ga tarwatsa shi ya fi tsada, sai aka bar shi ya taka da kansa: kilomita 22 cikin mako uku, ya ƙetare kogin Erft da babban titi da layin dogo, ana zuba masa yashi da tsakuwa a gaba. Ƙanensa Bagger 293, wanda kamfanin TAKRAF ya gama a 1995, ya fi shi nauyi, tan 14,200.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne irin ƙasar da injin ke ci. Yankin da ke yamma da birnin Kolon shimfiɗe yake da ɗanyen kwal mai launin ƙasa-ƙasa, wanda bai daɗe a binne kamar baƙin kwal ba, kuma fiye da rabin nauyinsa ruwa ne. A Hambach kaurin shimfiɗar ya kai mita 70 a wasu wurare, abin da ke samanta kuwa yashi ne da tsakuwa da laka, babu dutsen da sai an sa masa nakiya. Wilin bokitai ba ya iya komai da dutse, kankarewa ya sani, bai san fasawa ba. Kafin a samu tan ɗaya na kwal sai an kwashe kusan kubik mita shida na ƙasa, ramin ya nutsa wajen mita 400, an kuma kewaye shi da ɗaruruwan rijiyoyin burtsatse masu zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa dare da rana don kada ya cika. Ƙasar da aka fara kwashewa ta zama tsauni guda, Sophienhöhe, wanda itatuwa suka rufe yanzu. A wuri irin wannan, inda aikin iri ɗaya ne, mai ɗimbin yawa, ba ya sauya kama tsawon shekara arba'in, inji mai aiki ba tsayawa ya fi jerin tifofi araha nesa ba kusa ba. A inda shimfiɗar kwal ba ta wuce mita biyu ba, ta kuma shige ƙarƙashin tsauni kamar yadda take a Inugu, ko kyauta aka ba ka shi ba ka da wurin kafa shi.

Ruwan nan da ke cikin ɗanyen kwal shi ya haifar da sharaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Duk wanda ya loda shi a jirgi ya kai shi nesa, rabin kuɗin dakonsa na ruwa ya biya. Dole a ƙone shi a bakin rami, a aika da wutar ta waya. Jamusawa sun kama wannan hanya tun babu manyan injuna. An kafa kamfanin lantarki na RWE a 1898, tashar Goldenberg da ke kusa da Kolon ta fara aiki a 1914 da kwal ɗin ƙananan ramukan da ke gefenta. Masana'antu suka ƙaru, buƙatar wuta ta ƙaru, kwal ɗin da ke sama-sama ya ƙare, ya zama dole a nutsa. A 1955 ramin Fortuna ya samu injin farko mai kwashe kubik mita 100,000 a rana. Tashin farashin man fetur na 1973 ya ƙara wa masu son kwal hujja, aka buɗe Hambach a 1978. Tsakanin tashar Goldenberg da Bagger 288 shekara 64 ce, kuma a duk tsawonta mai saye ne ke gaba, injin na bin bayansa. Tashar Neurath, ɗaya daga cikin masu cin kwal ɗin wannan yanki, bayan an ƙara mata sababbin injuna biyu a 2012 ƙarfinta ya haura megawat 4,000. Tasha guda ke nan da a lokacin take iya ba da kwatankwacin abin da Najeriya baki ɗaya ke rabawa ta babban layinta a yawancin ranaku. Wannan cikin ne injin ke ciyarwa.

Idan cikin ya rufe, injin ba shi da sauran amfani, kuma Jamus ɗin ce ta fi kowa shaidar haka. Tsohuwar Jamus ta Gabas tana haƙar ɗanyen kwal kusan tan miliyan 300 a shekara a ƙarshen shekarun 1980. Da aka haɗe ƙasashen biyu a 1990, masana'antunta suka durƙushe, ramuka suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Wata gadar kwashe ƙasa mai suna F60, mai tsawon mita 502, sabuwa fil, ta fara aiki a Maris 1991 ta tsaya a Yunin 1992. Tana nan a Lichterfeld, 'yan yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su hau. A Ferropolis an jera tsofaffin injuna biyar ana kiɗa da rawa a gindinsu. A Kanada kuwa, masu haƙar yashin mai a lardin Alberta sun fara da wilin bokitai a 1967, amma a shekarun 1990 suka ajiye shi suka koma manyan tifofi da injunan ɗiba, saboda idan wili ɗaya ko bel ɗaya ya lalace aiki duka ya tsaya, alhali tifa guda in ta mutu a hanya sauran wucewa suke yi.

Yanzu a dubi namu. A 1909 masanin duwatsu Albert Kitson ya tabbatar da kwal a tsaunukan Udi. Turawan mulki ba su ɓata lokaci ba, domin suna da mai saye a hannu: jiragen ƙasarsu, waɗanda har zuwa lokacin kwal ɗin da ake shigowa da shi ta teku suke ƙonawa. Aka sari tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja dogo zuwa Inugu, a 1916 kwal ya fara sauka. Shekara bakwai kacal daga ganowa zuwa kasuwa, da diga da kwando da aikin tilas da aka riƙa ɗora wa ƙauyukan yankin ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa. Ba na kawo wannan don yabo. Ramukan nan ne suka kai ga ranar 18 ga Nuwamban 1949, lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙa a Iva Valley kan rikicin haƙƙin albashi, suka kashe 21 suka raunata 51, abin da ya girgiza ƙasar ya kuma ƙara wa masu neman 'yanci ƙarfi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya. Zuwa 1958 da 1959 ana haƙo wajen tan dubu 900 a shekara, da ma'aikata kusan dubu takwas, kuma wannan ne ƙololuwar da ba a sake kaiwa ba. Bagger 288 zai kwashe wannan adadi cikin kwana huɗu, ya zauna sauran kwana 361 yana jiran mai saye. Daidai lokacin da ake murnar wannan adadi masu sayen suka fara zamewa. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai ci, ta soma sauya kawunan jiragenta zuwa na dizal daga tsakiyar shekarun 1950. An samu man fetur a Oloibiri a 1956. Hukumar lantarki, duk da ta buɗe tashar kwal a Oji River a wannan shekarar, ta karkata ga mai da gas, sannan madatsar Kainji ta zo a 1968. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarar da mara lafiya ne ya ƙarasa shi: aka bar ramuka ruwa ya cika su.

A cikin yaƙin ne gwamnatin tarayya, da ta rasa hanyar Inugu, ta buɗe ramin sarari a Okaba da ke ƙasar Ankpa, a jihar Kogi ta yau, saboda ragowar jiragen tururi na buƙatar abin ƙonawa. Buƙata ta taso, rami ya buɗu cikin gaggawa da injunan da aka samu. Bayan yaƙi kuma, da kuɗin mai ya shigo, aka gwada ainihin maganin da mai kallon hoto ke nema. A ƙarshen shekarun 1970 aka ɗauko kamfanin Kopex na ƙasar Polan ya kafa injunan yanka kwal na zamani a ramukan Inugu. Injunan ba su dace da yanayin ramukan ba, ga ruwa, ga yankewar wuta, ga wahalar kayan gyara, aka kashe kuɗi abin da ake haƙowa bai farfaɗo ba. Ko da sun yi aiki, wa zai saya? Jiragen sun riga sun tafi. Haka ramukan suka yi ta jan ƙafa har suka rufe a farkon shekarun 2000. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ma, wadda aka fara ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, labarinta na da reshe a nan: babban tanderunta na buƙatar wani nau'in kwal na narkar da ƙarfe wanda na Inugu da Okaba ba shi ba ne, kuma har yau tanderun bai taɓa narkar da komai ba. Sayen doki ke nan kafin a tanadi harawa.

Kudancin Kaduna ya ɗanɗana wannan ta wata fuska. Masaƙar KTL da gwamnatin Sardauna ta kafa tare da kamfanin David Whitehead ta fara aiki a Kakuri a 1957, lokacin da kwal ke ganiyarsa, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Dubban mutanen da suka cika Narayi da Television da Unguwar Romi da Sabon Tasha aikin waɗannan kamfanoni ne ya kawo su ko ya kawo iyayensu. Amma masaƙun a kan wutar NEPA da baƙin mai aka ɗora rayuwarsu. Da matatar ta fara tangal-tangal, wuta ta zama sai an ga dama, ga kuma atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Dogon da ya taɓa kawo kwal daga gabas yana nan kwance a bayansu, babu jirgi a kai, babu kwal a ɗaya ƙarshen. Mun samu mai haƙa ba mai saye, daga baya muka samu mai buƙata ba mai haƙa.

Wanda ya fi mu fahimtar wannan lissafi maƙwabcinmu ne na arewa, kuma ba da kuɗi ya fi mu ba. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta kafa kamfanin SONICHAR don haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. Ramin sarari ne, da katafila da injunan ɗiba da tifofi ake aikinsa. A bakinsa aka gina tashar wuta mai injuna biyu, kowanne bai cika megawat 19 ba, ta fara aiki a farkon shekarun 1980. An san mai saye tun kafin a sari ƙasa: kamfanonin haƙar yuraniyom na SOMAÏR da COMINAK a Arlit da Akokan, sai garuruwan yankin ciki har da Agadas. Abin da ramin ke fitarwa a shekara, Bagger 288 zai kwashe shi a kwana ɗaya ko ɗaya da 'yan awoyi, ba wanda zai ɗauki hotonsa ya yaɗa. Amma ya shafe sama da shekara arba'in yana ba da wuta. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Yamai da Maraɗi da Damagaram ne suka sha duhu, domin su ke rataye da layukan Birnin Kebbi da Katsina, arewacin ƙasar kuwa dama ba a kan layinmu yake ba. Tashar ta tsufa, mutanen Agadas na kokawa da yankewar wuta, kuma rufe COMINAK a 2021 ya ɗauke mata babban abokin ciniki, wanda shi ma hujja ce a kan abin da nake faɗa. A Salkadamna ta jihar Tawa kuwa, inda aka yi burin babbar tasha ta ɗaruruwan megawat, Shugaba Issoufou Mahamadou ya aza harsashi a 2014, shekara goma ta shuɗe tashar ba ta tashi ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujja mai ƙarfi guda, kuma bai kamata a kauce mata ba. Zai ce Najeriya ba Inugu kaɗai ba ce. Akwai kwal a Kogi da Binuwai da Nasarawa da Gombe, akwai kuma ɗanyen kwal irin na Jamus a yankin Ogwashi da Asaba, cikin yashi da laka, inda wilin bokitai zai iya ci. Zai ƙara da Indiya: a 1956, tana fama da talaucin da ya fi namu, ta kafa kamfanin Neyveli a kudancin ƙasar, ta sayo irin waɗannan injuna daga Jamus, kuma har gobe suna aiki. Gaskiya ne, talauci bai hana Indiya ba. Amma a duba abin da ta saya tare da injunan. Ta gina tashar wuta a bakin ramin da taimakon Sobiyet, injinta na farko ya tashi a 1962. Ta gina masana'antar takin zamani da ta dunƙula kwal. Ta tanadi hukumar lantarki ta jiha da za ta karɓi wutar, ta gina gari guda na ma'aikata, ta kuma horar da masu gyara, don haƙoran bokitan sai da aka yi ta sauya musu fasali kafin su iya da taurin ƙasar wurin. Rami da tasha da waya da mai biyan kuɗi, a takarda ɗaya aka tsara su. A Najeriya ta yau matsalar tana can ƙarshen wayar. Tashoshin gas da muke da su tuni sun fi ƙarfin abin da layin ke iya ɗauka, wasu na zaune babu gas saboda bashi, kamfanonin rarrabawa ba sa tara kuɗin duk wutar da suka karɓa. Wanda ya ƙara tan 240,000 na kwal a kowace rana a kan wannan, ya ƙara tsibi ne kawai. Inda mai saye na gaske ya bayyana kuwa, ba a jira Krupp ba: kamfanonin siminti na ƙona kwal ɗin Kogi da na Gombe yanzu haka, da injunan ɗiba da tifofi ake haƙo musu, daidai cikinsu.

Hujja ta biyu ta zuciya ce, kuma ina jin zafinta. Turawa sun yi arziki da kwal shekara ɗari biyu, sun cika sama da hayaƙi, yanzu su ke ce mana kada mu taɓa namu, alhali matan Narayi da gawayin itacen da ake sarewa a dazukan hanyar Kachia da ta Abuja suke girki. Rashin adalcin a fili yake, kuma ba na cikin masu cewa haramun ne Najeriya ta ƙona kwal ɗinta. Sai dai jin haushi ba ya biyan bashin banki. Inji irin wannan, da ramin da tashar da ke tare da shi, sai sun yi shekara talatin zuwa arba'in suna aiki kafin su mayar da kuɗinsu. Jamus ta yi doka a 2020 cewa za ta daina ƙona kwal nan da 2038, daga baya aka amince yankin da Bagger 288 ke aiki ya tsaya a 2030. A watan Satumban 2021 Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje, ita da ta rage babbar mai ba da irin wannan rance. A ƙarshen wannan shekarar Shugaba Buhari ya yi alkawari a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Ƙaramar tasha ta megawat ashirin ko hamsin a gefen masana'anta tana iya samun mai zuba jari ta kuma biya kanta da wuri. Ramin da zai ci gundumomi ya ɗaure jikoki da bashi, babu mai ba da kuɗinsa a yau. Maganar samar da aikin yi kuwa gara a bar ta, don injin da mutum huɗu ke tuƙawa an ƙera shi ne takanas don kada a ɗauki dubu takwas.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar kwangila, wato mutanen da ke zaune a kan kwal ɗin. Rami mai tafiya ba ya kewaye gari. A yankin Kolon kaɗai an tashi sama da mutum 40,000 tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Jamus baki ɗaya sama da 100,000 daga ƙauyuka wajen 300. Ana rushe gidaje, a tone maƙabarta a mayar da ƙasusuwa sabon wuri. A Janairun 2018 aka rushe tsohuwar majami'ar Immerath mai hasumiya biyu mutane na kallo, a Janairun 2023 'yan sanda suka kwashe masu zanga-zanga daga Lützerath. Wannan fa a ƙasar da ake sanar da mutum shekaru kafin a zo, a gina sabon gari da tituna da ruwa, a biya shi kuɗin gidansa, kuma yana da kotun da zai kai ƙara. Mu a nan tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, shekarar da aka gama Bagger 288, ta sa filaye a hannun gwamna, diyyar da manomi ke samu ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar da kakanninsa suka bar masa ba. Mun ga yadda abin ke kasancewa da ƙananan injuna ma. A Filato, injunan jan guga na kamfanonin kuza irin su ATMN sun yi aikinsu a Bukuru da Barikin Ladi sun tafi, sun bar ɗaruruwan kududdufai da har yau ke cin mutane da dabbobi. A Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe, inda aka fara haƙar kwal don simintin Ashaka wajen 2007, an tashi ƙauyen an sake masa matsuguni, kuma mutanen sun yi shekaru suna kuka a jaridu kan gonaki da ruwan sha da ingancin gidajen da aka gina musu, har suka kai ga tare hanyar ramin. Ƙauye ɗaya ke nan. Ƙasar da ba ta gama da ƙorafin Maiganga cikin sauƙi ba, ban ga yadda za ta yi adalci ga ƙauyuka hamsin ba.

Mutumin Narayi ba sai ya je Jamus ko Inugu ba kafin ya ga ƙarshen wannan magana. A Kudenda, nan kudancin Kaduna, an ba da kwangilar tashar wuta ta megawat 215 a 2009. An kawo injuna, an kafa su, an ja katanga, amma babu bututun da zai kawo musu gas, ƙona dizal kuwa ya fi ƙarfin aljihun mai biyan kuɗin wuta. Sai a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, shekara goma sha ɗaya bayan an sayi abin da zai ciyar. Tashar ta shafe sama da shekara goma ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya a Narayi ba, alhali ƙarfinta ya ninka na Cirozerin fiye da sau biyar. Duk ɗan takara ko ministan da ya zo Kaduna da hoton babban inji da alkawarin dubban megawat na kwal, a tambaye shi wa ya sa hannu zai sayi wutar, ta wace waya za ta bi, kuma ina za a kai mutanen da ke kan filin. Kafin ya amsa, a ce masa ya fara tayar da Kudenda.